Kun Tambaya, Mun Amsa: Yadda Jeff Beck Ya Naɗi Kundin da Jita Ta Tsaya a Madadin Murya

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga kiɗa da aikin situdiyo, kuma wani abin sha'awa shi ne yadda da dama daga cikinsu suka taru a kan tsohon kundi guda, wato Blow by Blow na Jeff Beck, mai kaɗa jita ɗan ƙasar Ingila, wanda ya fito a shekarar 1975. Na zaɓo biyar daga cikinsu, na taƙaita tambayoyin ba tare da na sauya ma'anarsu ba, kuma na fi daɗewa a kan ta farko domin sauran amsoshin a kanta suka dogara.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne mai koyon aikin haɗa sauti a wani situdiyo. Maigidana ya kunna mana wannan kundi, ya ce mu saurara da kyau domin akwai darasin sana'armu a cikinsa. Na ga sunan mutum ɗaya ne a jikinsa. Shin shi kaɗai ya kaɗa komai, kamar yadda a nan mutum ɗaya yake haɗa kiɗa gaba ɗaya a kwamfuta? Kuma ta yaya aka naɗe shi a lokacin da babu kwamfuta a situdiyo? (Daga wani mai karatu a Kano)

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Maigidanka ya yi maka gata, kuma ina ba ka shawara ka riƙe shi hannu bibbiyu, domin ba kowane mai situdiyo ne zai tsayar da aikin kuɗi ya zaunar da yaransa su saurari kiɗan da ya girme su da shekaru masu yawa ba. Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Idan aka ce kundi na mutum ɗaya ne a duniyar kiɗan rok, ana nufin makaɗin ya fita daga inuwar ƙungiya ya tsaya da sunansa, shi ne yake zaɓen abin da za a kaɗa da mutanen da za su kaɗa tare da shi, kuma a kansa yabo ko zargi zai sauka. Amma hannuwan da suka yi aikin suna da yawa, kuma sai ka san su sannan za ka gane abin da kunnenka yake ji.

An haifi Jeff Beck a shekarar 1944 a Wallington, a kudancin Landan. A 1965 ya shiga ƙungiyar Yardbirds a gurbin Eric Clapton, daga baya ya kafa tasa ƙungiyar wadda Rod Stewart yake yi mata waƙa, sannan ya haɗu da wasu Amurkawa biyu, Tim Bogert da Carmine Appice, suka yi ƙungiyar mutum uku wadda ta watse a 1974. A duk waɗannan shekaru matsalarsa guda ce: jama'a suna zuwa ne domin jitarsa, amma tsarin kiɗan rok ya ɗora mawaƙi a gaba, kuma tun bayan rabuwarsa da Rod Stewart a 1969 bai sake samun muryar da za ta yi kafaɗa da kafaɗa da hannunsa ba. Da ya cika shekara 30 sai ya yanke shawarar ya daina neman mawaƙi gaba ɗaya, ya bar jitar ta riƙe matsayin da murya take riƙewa. A lokacin kunnensa ya karkata ga makaɗan da suke gauraya jaz da rok, irin su John McLaughlin da Billy Cobham, waɗanda suka nuna cewa kiɗa zalla yana iya cika kundi.

Mutumin da ya nema domin ya jagoranci aikin shi ne George Martin, furodusan da ya yi suna da ƙungiyar Beatles. Martin ya bar aikin albashi a kamfanin faya-fayai na EMI a 1965, ya kafa kamfanin AIR tare da wasu abokan sana'arsa, kuma a 1970 suka buɗe situdiyo a saman wani bene a Oxford Circus, tsakiyar kasuwancin Landan, inda sai da aka yi wa ɗakunan gini na musamman domin kada ƙarar motoci da girgizar jirgin ƙarƙashin ƙasa su shiga cikin sauti. A farkon 1974 Martin ya yi wa ƙungiyar John McLaughlin kundi a wannan situdiyo tare da babbar tawagar masu gogen Turawa, kuma wannan aiki yana cikin abin da ya ja hankalin Beck zuwa gare shi. A watan Oktoba na wannan shekara suka shiga ɗaki.

Mutum uku ne suka tsaya a bayansa. Max Middleton, wanda suka daɗe suna aiki tare, shi ne a kan fiyanon lantarki, kuma hannunsa yana cikin tsara da yawa daga kaɗe-kaɗen. Phil Chen, haifaffen Jamaika, shi ne a kan jitar bes mai kaurin amo. A kan ganguna kuwa akwai Richard Bailey, matashi mai shekara 18 wanda ya taso a yankin Karibiyan. Ka lura da wannan, ƙanena, domin shi ne sirrin rausayar da ke cikin kundin: ƙashin bayan kiɗan yana hannun mutum biyu da suka taso da kaɗe-kaɗen Karibiyan, shi ya sa ko a inda jitar take gudu kamar ta tashi sama, ƙasan kiɗan yana zaune daram, yana kaɗa kai.

Yanzu ga yadda ake naɗa a wancan zamani. Jitar lantarki ba ta da amon kirki ita kaɗai. Ana jona ta ne da amfilifaya, amfilifayar ta tura sautin zuwa lasifika, sannan injiniya ya dasa makirufo a gaban lasifikar. Abin da ake kamawa ke nan shi ne iskar da lasifikar take turawa a cikin ɗaki, kuma idan aka matsar da makirufon da faɗin yatsa biyu zuwa gefe ko baya, amon yana sauyawa. Ganguna suna da makirufo da yawa, ana kuma kafa shingaye masu shanye sauti tsakanin makaɗa domin kada ƙarar wani ta cika makirufon wani. Duk wayoyin nan suna tafiya zuwa babban teburin haɗa sauti a ɗaki na biyu, bayan gilashi, inda furodusa da injiniya suke zaune. Daga teburin sautin yake shiga na'ura mai juya tef mai faɗin inci 2, wanda a manyan situdiyoyin Landan na lokacin yake ɗaukar layi 16 ko 24, kowane layi da abin da aka ware masa. Wannan shi ne kakan layukan da kake gani jere a fuskar kwamfutarka, sai dai naka ba su da iyaka, nasu kuwa ƙidayayyu ne, kuma ƙunshin tef guda ba ya wuce kimanin rabin awa idan ana juya shi da saurin inci 15 a daƙiƙa.

Abin da ake fara ɗauka shi ne harsashi: ganga da bes da fiyano da jita suna kaɗawa tare a lokaci guda, suna ganin juna, kowa da na'urar sauraro a kunne. Idan mai ganga ya ɗan ja baya, mai bes yana ji ya bi shi, idan mai jita ya zafafa, sauran su ɗaga tare da shi. Akwai wani kiɗa a cikin kundin mai suna AIR Blower, wanda sunan situdiyon yake cikin sunansa, kuma an rubuta sunayen dukkansu huɗu a matsayin waɗanda suka tsara shi, alamar cewa a tsakaninsu ya tsiro suna kaɗawa tare. Bayan an samu harsashin da furodusa ya gamsu da shi, sai a koma ɗori: a mayar da tef baya, a kunna wa Beck abin da aka ɗauka a kunnensa, shi kuma ya kaɗa sabuwar jita a kan wani layin da babu komai. Ta haka ne kake jin jita biyu ko uku a lokaci guda alhali mutum ɗaya ne.

A nan ne aikin yake da haɗari. Idan ana son gyara wani gurbi a tsakiyar layi, injiniya zai saki tef yana tafiya, ya danna maɓallin naɗa daidai inda gyaran zai fara, ya kuma sake shi daidai inda zai ƙare. Duk abin da ke wannan gurbi a da ya goge ke nan har abada, babu maɓallin da zai dawo da shi. Idan kuma ana son haɗa farkon wani ɗauka da ƙarshen wani, reza ake sawa a yanka tef ɗin a kan wani ƙarfe mai tsagi, a manne shi da salatif na musamman. Mai wannan aiki dole hannunsa ya natsu, kunnensa kuma ya san inda bugun ganga yake faɗowa.

Gudummawar George Martin ta fi fitowa fili a kaɗe-kaɗe biyu, Scatterbrain da Diamond Dust, inda ya rubuta wa masu gogen Turawa abin da za su kaɗa, aka ɗora su a kan harsashin. Na farkon yana tafiya ne a kan ƙidayar bugu tara-tara, na biyun kuma biyar-biyar, saɓanin huɗu-huɗun da kunne ya saba da shi a kiɗan rok da ma yawancin waƙoƙin da ake haɗawa a situdiyoyinmu. Ka kunna Scatterbrain ka gwada tafa hannu kana ƙirgawa, za ka ga sai ka kai tara kafin zagayen ya dawo farko, ka kuma saurari yadda jita da fiyano suke gudu a kan layi guda kamar doki biyu a sukuwa, gogen yana shigowa daga baya yana buɗe musu fili. Daga nan sai haɗa sauti, wanda da hannu ake yinsa, ana ɗaga wannan ana sauke wancan yayin da tef yake tafiya, har a tattara layukan duka su koma biyu, dama da hagu. An kuma jera kaɗe-kaɗen tara ta yadda wasu suke zubawa cikin wasu ba tare da tsayawa ba, domin a faifan garmaho mutum yana ɗora allura ne ya saurari fuska guda ta kimanin minti 20 a zama ɗaya.

Ina ganin darasin da maigidanka yake nufi shi ne na kunne. Makaɗa huɗu ne a ɗaki guda kowa yana sauraron ɗan'uwansa, ga kuma na biyar a bayan gilashi yana sauraron su duka.

Tambaya: Malam, mu a wajenmu waƙa magana ce. Muna sauraron Shata ko Ɗanƙwairo ne domin abin da suke faɗa. Mijina yana son wannan kundi, ni kuma na kasa gane abin da ake ji a kiɗan da babu baiti ko ɗaya a cikinsa. Me zan saurara? (Daga wata mai karatu a Zariya)

Amsa: Malama, tambayarki ta yi ma'ana, kuma gaskiya ne cewa a al'adarmu kalma ce sarauniya, kiɗa kuma yana yi mata rakiya. Amma ki tuna cewa kunnen Bahaushe ya riga ya san abin kiɗa mai magana. Mai kalangu yana matse igiyoyin da ke jikin kalangun a hammatarsa ya sassauta, fatar ta ɗaure ko ta saki, amon ya hau ko ya sauka, har ya bi karin sautin Hausa ya kira sunan mutum ko ya yi masa take, wanda ake yi dominsa kuma ya gane ya miƙe. Wanda ya taso yana jin wannan ba baƙo ba ne ga abin da Beck yake yi. Bambancin shi ne kalangu yana faɗin kalmomin da aka sani, jitar Beck kuwa tana kwaikwayon yadda murya take motsi ne: yadda take hawa a hankali, yadda take rawa idan zuciya ta karaya, da inda mai magana yake tsayawa ya ja numfashi.

Ki fara da kiɗa na farko a fuska ta biyu, Cause We've Ended as Lovers. Asalinsa waƙa ce da Stevie Wonder ya rubuta, Syreeta, tsohuwar matarsa, ta rera ta a 1974, kuma maganar da ke cikinta ta masoya ce da soyayya ta ƙare a tsakaninsu. Beck ya ɗauki karin waƙar ya ajiye kalmomin. A farkonsa za ki ji wani amo yana tasowa daga shiru kamar kuka daga nesa, ba tare da an ji bugun tsirkiya ba. Yadda ake yinsa shi ne makaɗin ya rage maɓallin ƙara da ke jikin jitar har ƙasa, ya bugi tsirkiyar a cikin shirun, sannan ya murɗo maɓallin da ɗan ƙaramin yatsansa, sai amon ya kumbura kamar na goge. Bayan haka za ki ji yana tura tsirkiya gefe da yatsan hagu domin amon ya hau daga wani mataki zuwa wani ba tare da ya yanke ba, sannan ya girgiza yatsan a ƙarshen kowace jimla. Na ce jimla da gangan, domin yana kaɗawa ne ya tsaya, ya sake kaɗawa ya tsaya, kamar mai ba da labarin abin da ya dame shi. Ya fara a hankali, ya zafafa a tsakiya har jitar ta yi kamar za ta tsage, sannan ya sauko ya ƙare da sanyi. Beck ya sadaukar da wannan kiɗa ga Roy Buchanan, wani makaɗin jita Ba'amurke da ya shahara da irin wannan salo.

Akwai kuma inda jitar take furta abin da ya yi kama da kalmomi sosai, musamman a She's a Woman, waƙar Beatles da suka juya ta zuwa rausayar rege. A nan wata na'ura ce take tura sautin jitar ta cikin siririn tiyo zuwa bakin makaɗin, shi kuma ya riƙa motsa leɓe da harshe kamar yana magana, makirufon da ke gabansa ya kama abin da ya fito. Dabara ce mai ban sha'awa, kuma ita ce takan fara jan hankalin sabon mai sauraro, amma a ra'ayina inda ya bar yatsunsa kaɗai suka yi aikin ya fi ratsa zuciya nesa ba kusa ba. Ki zauna da maigidan a lokacin da gida ya yi shiru, ki saurari wancan kiɗa na farko sau biyu, a karo na biyu ki gwada bin jitar da muryarki a hankali, za ki ga tana biyuwa kamar waƙa.

Tambaya: Na yi aikin gidan rediyo shekaru masu yawa kafin na yi ritaya, kuma har yanzu ina da faifan garmahon wannan kundi. Wace irin jita ce a zanen bangonsa, kuma mai ita yana raye? (Daga wani dattijo a Kaduna)

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, kuma a adana wannan faifai da kyau, nesa da zafin rana. Jitar da ke zanen ƙirar kamfanin Gibson ce, samfurin Les Paul na shekarar 1954, wadda aka sake yi mata fenti mai duhu da ake kwatanta shi da launin jinin sa, aka kuma sauya mata na'urorin ɗaukar amon tsirkiya. Sunan samfurin na wani makaɗi ne Ba'amurke, Les Paul, wanda yana cikin waɗanda suka fara dabarar ɗora sauti a kan sauti, kuma kiɗansa a rediyo yana cikin abin da ya fara jan Beck zuwa ga jita tun yana yaro. Sai dai kiɗan da na yi wa Malama bayaninsa a sama da wata jitar aka kaɗa shi, mai gangar jikin Telecaster, wani samfurin jita na kamfanin Fender, da na'urorin Gibson, wadda wani mai gyaran jita, Seymour Duncan, ya harhaɗa ya ba shi. Jeff Beck ya rasu ranar 10 ga Janairu, 2023, yana da shekara 78, sakamakon cutar sanƙarau, cutar da mu a wannan yanki muka san zafinta. George Martin ya riga shi, a 2016, yana da shekara 90. A watan Janairu na 2025 an yi gwanjon jitocin Beck a Landan, kuma wannan ta bangon faifanka ta haura fam miliyan 1. Shi kuwa kundin, ya kai mataki na 4 a jadawalin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 1 a can, abin da ba kasafai kundin da babu waƙa a cikinsa yake samu ba.

Tambaya: Kullum labarin Turawa muke ji. Shin a ƙasashenmu babu masu jitar lantarki da suka yi irin wannan kundi a manyan situdiyoyi? (Daga wani mai karatu a Maraɗi)

Amsa: Akwai su, ɗan'uwa, kuma daga ƙasarku suke. Bombino, Ba'abzine daga yankin Agadas, ya je birnin Nashville na Amurka ya naɗi kundinsa Nomad, wanda ya fito a 2013, a situdiyon Dan Auerbach, mai jitar ƙungiyar Black Keys, wanda shi ne ya zama furodusansa. Kundinsa Deran na 2018 kuwa a Kasabalanka ta ƙasar Maroko aka naɗe shi, kuma da shi ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin masu takarar kyautar Grammy. Idan ka saurari waɗannan biyun a jere za ka ji da kunnenka abin da furodusa da ɗaki suke yi wa makaɗi guda: na Nashville yana da kauri da ƙura-ƙurar amo irin na rok ɗin Amurka, na Kasabalanka kuma ya fi sakin jiki.

Na biyu shi ne Mdou Moctar, mai kaɗa jita da hannun hagu, wanda ya ƙera jitarsa ta farko da kansa da wayar birkin keke, kamar yadda shi ma Beck ya yi ta ƙoƙarin ƙera tasa da akwatin taba sigari yana yaro. Abin da zai ba masu karatu na Najeriya sha'awa shi ne a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin kayan aikin da ake haɗa waƙoƙin Hausa na zamani, har da na'urar gyaran murya, kuma waƙoƙin sun yaɗu ne daga waya zuwa waya ta katin memori kafin duniya ta san shi. A 2019 ya fitar da Ilana, wanda aka naɗa a Detroit tare da cikakkiyar ƙungiya suna kaɗawa tare. Bambancinsu da Beck shi ne su suna waƙa da harshen Tamashek, kuma kalmomin suna da nauyi a wajen jama'arsu, domin suna magana a kan hamada da kewar gida da halin da Abzinawa suke ciki. Amma idan suka rufe baki suka bar jitar ta ci gaba na tsawon mintuna, to a fili guda suke da shi.

Tambaya: Ina kaɗa jita a wata ƙaramar ƙungiya, kuma duk lokacin da muka shiga situdiyo nakan maimaita wuri ɗaya sau ashirin ko fiye, har abokaina su gaji, ni kuma ban gamsu ba. Yaushe ya kamata mutum ya tsaya? (Daga wani mai karatu a Jos)

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ciwo ne na masu son aikinsu, kuma ban ɗauke shi da wasa ba, domin na taɓa ganin irinsa da idona. Na zauna wata rana a wani ƙaramin situdiyo, an kashe fanka saboda kada ƙararta ta shiga makirufo, gumi yana zuba, wani matashi yana ta maimaita gurbin da bai wuce daƙiƙa goma sha biyar ba. A ɗauka na uku ya yi wani abu da ya sa duk wanda ke ɗakin ya ɗago kai, amma yatsansa ya ɗan goga wata tsirkiya a ƙarshe, sai ya ce a sake. Aka yi ta sakewa har bayan la'asar. Ɗaukan ƙarshe ya fito tsaf babu kuskure ko ɗaya, amma abin da ya sa muka ɗago kai ya tafi, kuma da injiniyan ya dawo da na ukun ya kunna, shi kansa matashin ya yi shiru.

Kai kana da sa'ar da mutanen 1974 ba su da ita, domin kwamfuta tana ajiye maka kowane ɗauka. Saboda haka ka roƙi injiniya kada ya goge na farko-farkon, ka tsaya bayan sau huɗu ko biyar, ka ajiye jitar ka fita ka sha iska, sannan ka dawo ku saurara tare. Yatsu suna gajiya, amma kunne ya fi su saurin gajiya, kuma idan ya gaji kuskure kaɗai yake ji. Abu na biyu, ku zaɓi mutum ɗaya wanda kuka yarda da kunnensa, wanda kuma ba ya riƙe da abin kiɗa a wannan lokaci, ku ba shi ikon cewa ya isa, kai kuma ka ɗaure ka karɓa idan ya faɗa. Wannan yana cikin manyan ayyukan furodusa, kuma shi ne abin da George Martin ya kawo wa Beck bayan rubutun goge.

Shi kansa Beck an san shi da wannan hali. Ya riƙa komawa situdiyon AIR yana sake ɗora jita a wuraren da kowa yake ganin sun kammala, domin kullum yana jin akwai wata hanyar da ta fi wadda ya bi. Labarin da aka fi bayarwa game da wannan kundi shi ne cewa bayan an gama aiki da 'yan watanni, ya buga wa Martin waya yana neman a ba shi dama ya sake kaɗa wani gurbi da bai kwanta masa ba, Martin kuma ya ba shi haƙuri, ya shaida masa cewa faifan ya riga ya shiga kantuna. A shekarar da ta biyo baya, 1976, suka sake haɗuwa su biyun suka fitar da wani kundin kiɗa zalla mai suna Wired.